Yadda Ake Rubuta Sharhin Fim Bayan An Kalle Shi: Jagora Mataki-Mataki

Tun da na fara rubuta ra'ayina a kan fina-finan Hausa da nake kallo, tambayar da ta fi zuwa mini daga masu karatu ita ce yadda ake haɗa irin wannan rubutu, daga lokacin da aka kunna fim har zuwa lokacin da aka saki sharhin ga jama'a. Wasu sun ce suna da abin faɗa, amma da zarar sun ɗauki waya sai su rasa ta inda za su fara. Wasu kuma sun ce sun taɓa gwadawa, sai abin ya ƙare da cacar baki tsakaninsu da masoyan wani jarumi. Saboda haka na ga ya dace in jera matakan a wuri ɗaya bisa tsarin da nake bi, tare da gargaɗi a gefen kowane matakin da ake yawan tuntuɓe a kansa. Misalaina na Kannywood ne, domin fina-finanta muka fi kallo kuma a kansu muka fi musu, amma matakan za su yi aiki ga fim ɗin Indiya da aka fassara, har da na Kudancin Najeriya. Ƙa'idar da ta ratsa dukkan matakan ita ce duk maganar da za ka faɗa a kan fim ta zamanto kana iya nuna wurin da ka gan ta, har da mintinta.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar waya ko kwamfuta, da abin saurare na kunne, da ɗan littafi da biro. Na fifita littafi a kan rubutu a waya, domin mafi yawanmu a wayar muke kallon, kuma fita daga fim zuwa wurin rubutu sau ashirin yana kashe wa mutum jiki. Abin saurare na kunne ba ado ba ne a nan, domin lasifikar waya tana ɓoye matsalolin sauti da dama, kamar ƙarar janareta a bayan masu magana ko muryar da aka sake ɗauka a situdiyo aka ɗora daga baya.

Kuɗin da ya fi tafiya na data ne. Kallon awa guda a YouTube a matakin ingancin hoto na 360p ba ya kai rabin gigabait, amma a matakin 720p yakan haura gigabait ɗaya. Tunda za a kalli fim sau biyu, dabarar da ta fi sauƙi ita ce a yi kallon farko a ƙaramin mataki, sannan a ɗaga shi zuwa 720p a wuraren da ake son duba haske da kwalliya kawai. Mai iya haƙurin barci zai iya amfani da datar dare da kamfanonin waya ke sayarwa da rahusa. Idan kuwa a sinima za a kalla, a lissafa kuɗin tikiti da na mota, a kuma san cewa mai yiwuwa sai an shiga sau biyu.

1. Zaɓi fim ɗaya, ka same shi daga hannun masu shi

Ka ɗauki fim ɗaya, ko kashi ɗaya na fim mai dogon zango, ko kuma zango guda idan ya kammala. Wanda ya ce zai yi sharhin fina-finai biyar a rubutu ɗaya jerin sunaye kawai zai yi. Ka nemi fim ɗin a tashar YouTube ta kamfanin da ya shirya shi, ko a gidan talabijin da ke nuna shi irin su Arewa24, ko a manhajar da aka sayar wa, ko a sinima.

Gargaɗi: kwafin da ake turawa a shagunan tura fina-finai ko wanda ake yawo da shi a waya sau da yawa an matse shi don ya yi sauƙin turawa, hotonsa ya dushe, wani lokaci ma an yanke sunayen ma'aikata na ƙarshe. Idan ka yi sharhi a kansa za ka zargi mai ɗaukar hoto da laifin da bai aikata ba, ban da cewa ka hana masu fim ɗin haƙƙinsu.

2. Kallo na farko, ba tare da biro ba

Ka zauna ka kalle shi kamar kowane ɗan kallo, daga farko har ƙarshe, ba tare da tsayarwa ko tsallake waƙa ba. Kada ka karanta ra'ayin kowa kafin wannan kallon, domin da zarar ka ji an ce ƙarshen fim bai yi ba, za ka shiga kana jiran ƙarshen ya ƙi yi. Da ya ƙare, ka rubuta layi uku kacal: abin da ka ji a ranka, wurin da ya fi tsaya maka, da wurin da hankalinka ya fara tafiya wani waje. Wannan na ukun yana da daraja ƙwarai, domin wurin da ka fara duba saƙonni a waya yawanci nan ne labarin ya yi sanyi.

Gargaɗi: kada ka saki komai a wannan daren. Ra'ayin da aka rubuta da zafin kallo yakan wuce gona da iri, ko a yabo ko a kushe.

3. Kallo na biyu, da littafi a hannu

A nan aikin yake, kuma wannan matakin ne mafi yawan masu sharhi suke tsallakewa. Ka raba shafi gida uku: gefen farko minti, na biyu abin da ya faru, na uku abin da ka lura. Duk inda wani abu ya ja hankalinka sai ka tsayar, ka rubuta. Ga misalin yadda shafi yake kasancewa a littafina, daga wani fim na zaman kishi da ba sai na kama sunansa ba. Minti 12, amarya ta shiga ɗaki da mayafi shuɗi, ta fito da ja, alhali ba a nuna wani lokaci ya wuce ba. Minti 27, uwar miji ta ajiye kwanon tuwo ba ta ce uffan ba, ta dubi ƙofar uwargida ta girgiza kai, wannan shirun ya fi dukkan faɗan da aka yi a baya faɗar abin da ke ranta. Minti 41, 'yar ƙauyen da aka ce daka take yi a gidan mutane don ta ci abinci, ga ta da dogayen farce na kanti da gashin ido na sakawa. Minti 58 zuwa 64, waƙa, kuma da aka gama labarin yana nan inda aka bar shi.

Ka lura cewa a cikin waɗannan huɗun akwai yabo guda. Wajibi ne ka riƙa rubuta abin da ya yi kyau da irin kulawar da kake rubuta kuskure, domin ido ya fi saurin kama aibi, kuma littafin da ya cika da aibi zalla zai haifar da sharhin da ba shi da adalci.

Abubuwan da ya kamata ka sa wa ido a wannan kallon su ne kamar haka. Labari: shin abin da ya faru a gaba yana da tushe a baya, ko kuwa an jefo haɗarin mota da ciwon mantuwa ne don a warware ƙullin da marubuci ya rasa yadda zai yi da shi? Zance: shin tsoho yana magana irin ta tsoho, ɗan kasuwar Kantin Kwari yana magana irin ta 'yan kasuwa, ko kowa bakinsa ɗaya da marubucin? Idan an ce mutum Basakkwace ne, ka saurara ko karin harshen ya ɗore har ƙarshe ko ya koma Kananci bayan fitowa biyu. Wasa: fuska da jiki suna tafiya tare da maganar, ko ɗan wasan yana jiran a gama ne ya faɗi nasa? Hoto: ana ganin fuskoki a fitowar dare? Sauti: kiɗan da aka sa a ƙasa yana danne magana? Sai sutura da wurin da aka ɗauki fim ɗin, wanda 'yan fim ke kira lokeshin: gidan malamin makarantar firamare bai kamata ya zama bene mai falo uku ba, sai dai in labarin ya faɗi inda ya samo shi.

Mai kallo a sinima ba shi da damar tsayarwa. Abin da zai yi shi ne ya duba agogo lokacin da aka fara, ya riƙa rubuta kalma ɗaya ko biyu a cikin duhu, sannan da an fito ya nemi wurin zama ya cike bayanin kafin ya hau mota.

Gargaɗi: kada ka ɗaga waya ka ɗauki abin da ke kan allon sinima, ko da daƙiƙa goma ne don tunawa. Satar fasaha ce, kuma za a iya fitar da kai.

4. Ka kai kowane laifi ƙofar mai shi

Wannan ne ya bambanta mai sharhi da mai surutu. 'Yan kallo fuskar jarumi suke gani, don haka duk abin da ya lalace a kansa suke saukewa, alhali fim aikin mutane da yawa ne. Bayan ka gama cika littafinka, ka koma layi-layi ka rubuta a gefe aikin wa ke nan. Mayafin da ya sauya launi aikin mai kula da ci gaban shiri ne, wato mai kwantiniti, tare da mai tace hoto, wato edita, da ya kamata ya gani. Farcen 'yar ƙauye na mai kwalliya ne da daraktan da ya bari aka ɗauka a haka, ko da yake jarumar ma tana da kaso idan ita ta ƙi cirewa, amma wannan ba abin da za ka iya sani ba ne daga kallo, don haka ka tsaya a kan abin da ka gani. Maganar da ba ta dace da bakin mai yin ta ba ta marubuci ce. Fitowar da ta yi tsawo har ta gundura ta darakta ce da edita. Waƙar da aka cusa a inda ba ta da gurbi yawanci shawarar furodusa ce, wanda ke duban kasuwa.

Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina. Na rubuta cewa wata jaruma ba ta iya kuka ba, domin muryarta ba ta tafiya da fuskarta. Bayan kwana biyu wani da ya san aikin sauti ya ja hankalina cewa in sake saurare da abin kunne, sai na ji ashe muryar daga baya aka ɗora ta, kuma ta makara da kusan daƙiƙa guda. Fuskar ta yi aikinta, wanda ya haɗa sautin ne ya yi sakaci. Dole na fito na gyara, bayan mutane da yawa sun riga sun karanta na farkon.

Akwai kuma abubuwan da ba laifin kowa ba ne a cikin ma'aikatan. Fina-finan da ake yi a Kano suna bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, kuma akwai hukumar tarayya mai irin wannan aiki. Rashin taɓa juna tsakanin namiji da mace, ko da uwa ce da ɗanta a labari, ƙa'ida ce da masana'antar ke aiki a ƙarƙashinta. Mai sharhin da ya ce uwar ba ta nuna tausayi ba domin ba ta rungume ɗanta ba, bai fahimci filin da ake wasan a kai ba. Tambayar da ta dace ita ce wace dabara darakta ya yi don ya nuna tausayin ba tare da taɓawa ba, ta kallo, ta murya, ko ta inda ya ajiye kyamara.

Idan fim ɗin Indiya ne da aka fassara, ka raba hukuncinka biyu, na fim ɗin da kuma na fassarar, domin masu fassara kan ƙara barkwancin da babu shi a asali, kuma wani lokaci shi ne ma ya sa fim ɗin ya karɓu.

Gargaɗi: zargin wankiya, wato ɗauko labarin wani fim na waje a mayar da shi Hausa ba tare da an faɗa ba, zargi ne mai nauyi. Kada ka yi shi don kawai an ce maka. Sai ka kalli fina-finan biyu da idonka, kuma kana iya jera aƙalla wurare uku da suka zo iri ɗaya. Kamanceceniyar jigo kaɗai ba hujja ba ce, domin labarin talaka da ya so 'yar mai kuɗi babu ƙasar da ba a yi shi ba.

5. Tabbatar da sunaye

Ka tsayar da fim ɗin a wurin da ake jera sunayen ma'aikata, ka kwafe sunan kamfani, da furodusa, da darakta, da marubuci, da mai ɗaukar hoto, da edita, yadda suka rubuta su. Ka rarrabe sunan ɗan wasa da sunan da ya fito da shi a labari, domin a Kannywood sau da yawa sunan fim yakan bi mutum har ya danne nasa na yanka. Idan kana maganar mugun halin da aka nuna, sunan cikin labari za ka kama. Idan kana maganar iya wasa, sai ka kama na ainihi.

6. Yanke hukunci ɗaya kafin ka fara rubutu

Ka dubi littafinka ka tambayi kanka: idan wani ya tare ni a hanya ya ce yaya fim ɗin, me zan faɗa masa a jimla ɗaya? Jimlar ta zama mai ɗauke da dalili. "Ya yi kyau" ba ta isa ba. "Labarin ya ɗauko zancen gado da kyau, amma rabinsa na biyu ya koma soyayyar da ta kashe zancen" ta isa, domin kowa zai iya yarda da ita ko ya musa ta da hujja. Daga nan sai ka zaɓi abubuwa uku ko huɗu daga littafin waɗanda suka fi goya wa wannan jimlar baya, ka bar sauran. Barin sauran yana da ciwo, musamman idan ka sha wahalar gano wani ƙaramin kuskure, amma sharhin da ya jera kurakurai goma sha biyar ba wanda zai tuna ko ɗaya daga cikinsu.

7. Tsara rubutun

Tsarin da nake bi sassa huɗu ne, kuma ba tsawonsu ɗaya ba. Sakin layi na farko ya ƙunshi sunan fim, da kamfani, da darakta, da inda ake samunsa, da hukuncinka. Ka sa hukuncin da wuri, domin Facebook yana yanke dogon rubutu bayan 'yan layuka, kuma da yawa ba za su latsa don ganin sauran ba. Sakin layi na biyu shi ne taƙaitaccen labari, jimla uku zuwa biyar, wanda zai tsaya a daidai inda rikicin ya kunno kai. Sashe na uku shi ne mafi tsawo, inda za ka kawo hujjojinka ɗaya bayan ɗaya, kowace da fitowarta da mintinta. Na ƙarshe kuma shi ne wanda ya kamata ya kalli fim ɗin: ko ya dace a kalla da yara, ko ya cancanci kuɗin tikiti, ko a jira ya fito a YouTube.

Ga bambancin da hujja ke kawowa. Wani zai rubuta: "Uwar mijin ta burge ni sosai, gaskiya ta iya." Wani kuma zai rubuta: "A minti na 27, lokacin da uwar mijin ta ajiye kwanon tuwo ta dubi ƙofar uwargida ba ta ce komai ba, sai muka gane cewa ta san wanda ya ƙulla sharrin tun kafin a faɗa mana." Na farkon ya gaya mana abin da marubucinsa ya ji, na biyun kuwa ya ba mai karatu wurin da zai je ya duba da kansa, ya kuma nuna wa 'yar wasan abin da ya kamata ta riƙe a aikinta na gaba.

Game da tsawo, kalma 400 zuwa 700 sun isa ga fim ɗaya. Mai amfani da X, wato Twitter a da, ya san cewa shafi na gama-gari harafi 280 ne iyakarsa, don haka ko dai ya saki hukuncin da hujja ɗaya, ko ya jera rubutun kashi-kashi. Idan za ka ba da maki, ka tsayar da ma'auni ɗaya, biyar ko goma, ka kuma faɗi abin da kowane mataki yake nufi a wurinka. Ni dai ban cika son makin ba, domin mutane kan tsallake rubutun gaba ɗaya su yi ta musu a kan bakwai da takwas.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne mayar da sharhi tatsuniya, a kwashe labarin daga farko har ƙarshe sannan a rufe da "Allah ya ƙara basira". Wanda ya kalla bai ƙaru da komai ba, wanda bai kalla ba kuma an kashe masa daɗin kallo. Idan dole sai ka taɓo ƙarshen labari domin hukuncinka a kansa ya rataya, ka rubuta a sarari cewa daga nan zuwa ƙasa akwai bayanin ƙarshen fim, ka bar tazara, sannan ka ci gaba. A fim mai dogon zango wannan ya fi muhimmanci, domin wani sai ƙarshen mako yake samun datar da zai kalli kashin da kai ka kalla tun daren da aka sake shi.

Gargaɗi na biyu: ka tsaya a kan aikin. Auren jaruma, da mutuwar aurenta, da motar da jarumi ya saya, da jita-jitar da ake yi a kansu, babu ɗaya da ya shiga sharhin fim. Ban da zunubin da ke ciki, ɓata suna laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, kuma an sha kama mutane saboda rubutun intanet a ƙarƙashin sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Cewa wasan mutum bai gamsar ba ra'ayi ne. Cewa ya cinye kuɗin ma'aikata zargi ne da sai ka kawo shaida.

8. Hoto da guntun bidiyo

Hoton tallan fim, wanda kamfanin ya saki da kansa, shi ne mafi aminci. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba da damar amfani da ɗan yanki na aikin wani don sharhi ko nazari, matuƙar an yi shi bisa adalci kuma an ambaci aikin da mai shi, amma wannan ba lasisin ɗora minti goma na fim ba ne. Mai yin sharhinsa ta bidiyo ya sani cewa YouTube yana da na'urar da ke gano hoto da sautin da wani ya yi wa rajista, kuma tashar da ta tara gargaɗi uku na keta haƙƙin mallaka ana iya rufe ta. Waƙa ce ta fi saurin jawo wannan, don haka a guje mata. Hoto tsayayye da muryarka a kai ya wadatar.

9. Bita kafin saki

Ka bar rubutun ya kwana, ko aƙalla ya yi 'yan awoyi, sannan ka karanta shi da ƙarfi kamar kana karanta wa wani. Duk jimlar da numfashinka ya yanke kafin ka kai ƙarshenta, ka raba ta. Ka sake duba kowane minti da ka ambata, domin mai neman kuskurenka nan zai fara zuwa. Ka kuma sa allon rubutu mai haruffan Hausa, irin Gboard da aka zaɓa masa Hausa, saboda ɓ da ɗ da ƙ. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: wanda ya so ya rubuta "ƙarya" ya rubuta "karya" a jimlar da ke magana a kan mace ya jawo wa kansa rigimar da bai nufa ba.

Daga nan ka yi wa rubutun gwaji na ƙarshe. Ka ɗauka daraktan yana zaune a gabanka, ka karanta masa. Duk jimlar da za ka ji kunyar faɗa a gabansa, ko dai ba ta da hujja ko kuma lafazinta ya yi kaushi, sai ka gyara ɗaya daga cikin biyun.

Game da lokaci, sharhin kashin fim mai dogon zango ya fi amfani cikin kwana biyu da fitowarsa, kafin na gaba ya zo. Na sinima kuma a sake shi tun ana nunawa, musamman fina-finan da ake fitarwa da Sallah, domin mai shawarar sayen tikiti ya amfana.

Gargaɗi: idan kamfanin ne ya gayyace ka kallo kyauta, ko ya ba ka kuɗin mota, ko kana da dangantaka da wani a cikin ma'aikatan, ka faɗa a farkon rubutun. Idan kuwa kuɗi aka ba ka don ka yaba, to abin da ka rubuta talla ne, sai ka kira shi da sunansa. Ranar da masu karatu suka gano da kansu, har sharhinka na baya za su daina yarda da shi.

10. Bayan an saki

Martani iri uku zai zo. Akwai wanda zai kawo hujja, ya ce ka koma minti kaza ka gani, ai an nuna dare ya yi kafin amaryar ta sauya mayafin. Wannan ka koma ka duba, idan ya yi gaskiya ka gode masa ka gyara a inda kowa zai gani, kada ka goge a ɓoye. Akwai wanda zai ce shi dai fim ɗin ya yi masa, ba tare da wani dalili ba. Haƙƙinsa ne, kuma za ka iya tambayarsa cikin ladabi wace fitowa ce ta fi burge shi, sau da yawa daga nan hira mai amfani take farawa. Sai kuma mai zagi, da mai cewa hassada ce, da mai cewa in ka isa ka yi naka. Wannan ba a ba shi amsa, domin amsa ɗaya takan jawo goma, har a manta da fim ɗin da ake magana a kai.

Wani lokaci ɗaya daga cikin masu fim ɗin zai yi maka magana da kansa, ya bayyana cewa ruwan sama ne ya hana su ƙarasa wata fitowa, ko kuɗi ne suka yanke a tsakiyar aiki. Ka saurare shi, domin za ka koyi yadda ake aikin, kuma in ya yarda kana iya ƙara bayaninsa a ƙasan rubutunka. Amma ba dole ne ka janye hukuncinka ba, tunda ɗan kallon da ya sayi data ko tikiti abin da ke kan allo ya gani. Kada kuma ka fitar da saƙon da ya aiko maka a keɓe ba da izininsa ba.

Littafin nan kuma kada ka yar da shi. Ka rubuta kwanan wata da sunan fim a saman kowane shafi, domin idan daraktan ya fitar da sabon aiki bayan wata shida, za ka buɗe ka ga ko matsalar sautin da ka rubuta a wancan karon an gyara ta, sai ka fara sabon sharhin daga nan.